Cilakowa da Maƙwabcin Manzo

Shekara talatin da biyu ina yi wa mata alfahari da abu ɗaya game da mijina: ko tsuntsu ba ya iya firgitawa. Ba wani kyau gare shi ba, ba kuɗi ba, in kuwa ya ɗauko labari sai ka je ka yi sallah ka dawo bai kai tsakiya ba. Amma taushin zuciyarsa, wannan kam na riƙe shi kamar takardar gida. Mu duka biyu a unguwar Harra ta Gabas a Madina aka haife mu, kakanninmu sun zo hajji daga ƙasar Kano suka zauna, kuma duk ɗan Madina da karatu ɗaya yake tashi: garin nan Harami ne, ba a farauta a cikinsa, ba a saran itacensa, ba a tada tsuntsunsa. Yara kan ji su manta, shi bai manta ba. Akwai shekarar da na'urar sanyaya ɗakinmu ta lalace a tsakiyar zafi, aka tarar kurciya ta yi sheƙa a bayanta. Ya hana mai gyara taɓawa sai da 'ya'yan suka tashi. Mako uku muna kwana a falo, ina masifa, amma a raina na ce wanda ya ji tausayin kurciya haka, ni kam na tsira.

Da ya yi ritaya daga ofishin ruwa, sai ya sayi kyamara mai dogon hanci kamar taɓarya. Ya fara bin gonakin dabino na wajen Jurf, a bayan gari, da sassafe yana ɗaukar tsuntsaye. Ban hana ba, ya fi a zauna mini a gida ana gyara mini yadda nake yanka albasa. Matsalar ta faro ne da ya shiga wani guruf a waya, na tsofaffi irinsa masu tura hotunan tsuntsaye suna yabon juna. A cikinsu akwai wani da kullum shi ake yi wa mashallah, shi kuma nawa sai a tura masa alamar ɗan yatsa ɗaya a wuce. Na ga abin yana cin sa, na ɗauka zai wuce.

Wata rana bayan azahar ya shigo kicin da murna ya ce ya yi mana rajistar tafiya Gana. Kwana shida da jagora, uku a kurmin kudu, uku a busasshen dajin arewa, ba komai sai kallon tsuntsaye.

"Ƙasar kakanni, ya Hajja," in ji shi.

Na ce, "Kakannin wa? Namu daga Kano suka taso."

"Duk hanya ɗaya ce. Kuma jagoran Bahaushe ne, na yi magana da shi a waya. Halas, magana ta ƙare, na biya."

Ni da iyakar tafiyata Makka, Jidda da Ɗa'if. Amma na san in na bar shi ya tafi shi kaɗai, maganin sukarinsa a jaka zai je ya dawo. Na haɗa kaya.

Jagoran ya tarye mu a filin jirgi. Mutum ne ɗan wajen shekara arba'in, siriri, mai sanyin murya, ɗan zangon wani gari a arewacin ƙasar. Da ya ji daga bakinmu cewa a Madina aka haife mu, sai ya kama hannun mijina da hannu biyu, ya shafa a fuskarsa. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu ba ta ga Madina ba, shi ma bai taɓa zuwa ba, yau ga maƙwabtan Manzo a motarsa. Ya roƙi mijina in mun koma ya yi masa addu'a a Rauda, ya kai masa gaisuwa wurin Manzo. Abin ya taɓa ni. Shi kuwa nawa, wanda a gida yake bin layin burodi kamar kowa ba mai ce masa ko Alhaji, sai na ga ya gyara zama a gaban mota, ya fara magana a hankali kamar mai ba da fatawa. Tare da mu akwai wasu turawa biyu, tsoho da tsohuwarsa, masu ƙaramin littafi da suke sa wa kowane tsuntsu alama in sun gan shi.

Kurmin nan, Allah kada ya maimaita mini. Mu zafi muka sani, na Madina, wanda yake gasa ka ya bar ka a bushe. Wannan kuwa dafa mutum yake yi. Tun kafin a yi taku ɗari abayata ta manne mini a jiki, safata ta jiƙe, ƙasa tana tsotsar takalmi tana saki da wata irin ƙara mai tada zuciya. Ko'ina warin ruɓaɓɓen ganye. Na wanke ɗankwali ranar farko na shanya, ranar uku na ɗauke shi da danshinsa har ya fara fumfuna. Rana ta biyu na tsaya a kan layin kwarkwasa ban sani ba, domin an ce kowa ya daskare kada ya motsa, akwai wani tsuntsu a sama. Suka hau ni har gwiwa. Na yi tsalle ina salati, tsuntsun ya tashi, tsohuwar baturiyar ta dube ni kamar na kashe mata ɗa. Mijina ya ce, "Ya Hajja, shuwayya, a hankali mana, kin kore shi." Bai ma tambayi ƙafata ba.

Tsuntsayen kuma ba a ganinsu. Wannan ne abin da ba wanda ya gaya mini. Itatuwa sun yi tsawo sun haɗe sama, ƙasa duhu kamar magariba ta kusa, kana jin kuka ta ko'ina amma ba ka ganin mai kukan. Sai a tsaya rabin sa'a wuya a karye ana kallon ganye, can a ce, ga shi, ya wuce. Turawan su sa alama a littafi suna murmushi. Ni dai na ga aku guda biyu sun gifta, irin wanda maƙwabciyarmu take da shi a keji, na ce to, wannan ko a unguwarmu ta Aziziya na gan shi ba tare da kwarkwasa ba.

A nan na fara ganin yadda suke aikin. Jagoran yana da 'yar lasifika kamar sabulun wanka a aljihu, da kukan tsuntsaye kala-kala a wayarsa. In tsuntsu ya ƙi fitowa, sai ya kunna kukan irinsa. Shi na cikin ganyen sai ya ɗauka wani namiji ne ya shigo masa gida, ya fito a fusace yana neman mai kutsen, su kuma su ɗauki hoto. Tun ranar farko abin bai kwanta mini ba. Ƙarya ce ake yi wa bawan Allah da harshensa. Na faɗa wa jagoran, bai musa ba. Ya ce shi ya sa yake da ƙa'ida: sau biyu ko uku yake kunnawa ya kashe, ko tsuntsu ya fito ko bai fito ba, kuma ba ya taɓa kunnawa kusa da sheƙa. Na lura yana cika ƙa'idar, har turawan in sun nemi ƙari sai ya girgiza kai.

Kwana uku mijina bai samu hoto ko ɗaya na nunawa ba. Duk duhu, duk ganye, wani wutsiya kawai ta fito, wani reshen da tsuntsu ya bari. 'Yan guruf ɗinsa kuwa kullum sai sun tambaya, ina tsarabar Afirka? Wancan gwanin nasu har ya rubuto masa cewa ko kyamarar ce ta ƙi ƙasar. Na gan shi a wurin cin abinci yana karantawa yana maimaitawa, shinkafarsa ta huce.

Rana ta huɗu muka wuni a mota zuwa arewa. Da muka isa na ji kamar an cire mini bargo daga fuska. Daji a buɗe, itatuwa a warwatse, kaɗanya da ɗorawa, ciyawa ta bushe, sama a fili. Zafin ma irin namu ne, sai dai ƙudan tsando da ke huda abaya kamar allura. Nan tsuntsaye ba sa ɓuya, ga su nan a reshe kowa yana gani. Na ce alhamdulillahi, mutumin nan zai samu abin da yake so mu koma gida lafiya. Ya ɗauka da yawa kuwa. Amma da ya duba sai ya ce duk a zaune suke kamar masu jiran likita, shi wanda ya buɗe fukafukai yake so.

Rana ta biyar bayan la'asar turawan suka ce sun gaji, suka zauna a masauki. Muka fita mu uku. Jagoran ya ce zai nuna mana wani abu da ba ya nuna wa kowa, saboda mu ne. Ya tsayar da mota nesa, muka taka zuwa wata tsohuwar ɗorawa, ya nuna mana wani rami can sama a jikinta. An liƙe bakin ramin da laka, an bar 'yar tsaga siririya wadda ko yatsa biyu ba za su shiga ba.

Ya ce sheƙar cilakowa ce. In macen za ta yi ƙwai, sai ta shiga rami a liƙe ƙofar, ta zauna a ciki makonni, har gashin fukafukanta ya zube. Ko an buɗe mata ba ta iya tashi. Duk abin da za ta ci namijin ne yake kawowa, ya miƙa mata ta tsagar. Muna tsaye sai ga shi ya zo, tsuntsu mai ruwan toka da dogon baki a lanƙwashe, da fara a bakinsa. Ya maƙale a jikin itacen, wani ɗan baki ya leƙo daga tsagar ya karɓa, ya tashi ya tafi neman wata. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. A duk kwanakin nan wannan ne kaɗai abin da na ji daɗin gani. Na juya in ce wa mijina ka ga mijin kirki, sai na tarar yana duba bayan kyamara yana yamutsa fuska.

"Kunna masa kukan," ya ce wa jagoran. "Na ga a hoto, in suna kuka suna ɗaga baki sama su buɗe fukafukai. Shi nake so."

"Alhaji, a bakin sheƙa ba mu kunnawa. In ya ji wani namiji zai bar ciyarwa ya tafi neman faɗa. Wani ma in abin ya yi yawa sai ya tsorata da wurin."

"Daƙiƙa ɗaya bas, ba ƙari."

"Ka yi haƙuri, Alhaji."

Sai mijina ya sauke kyamara, ya sa wannan muryar tasa ta gaban mota. "Ɗana, daga Madina na taso. Daga maƙwabtan Manzo. Kai da bakinka ka ce in yi maka addu'a a Rauda. Abu ɗaya na roƙe ka a ƙasarku, shi ne za ka hana ni?"

Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Garin da muke takawa da ladabi, shi aka ɗauko aka ɗora a kan wuyan bawan Allah don hoton tsuntsu. Jagoran ya sunkuyar da kai. Sannan ya zaro lasifikar, ya saita kukan ya bar shi yana maimaita kansa, ya ajiye ta a kan wani dutse. Ya ce shi dai ba zai riƙe ba. Ya juya ya koma mota.

"Ya Hajja, ɗauki. Tsaya gindin waccan kaɗanyar, rana tana bayana. Ɗaga sama."

Na matso kusa da shi na rage murya. "Ya abul iyal, uban 'ya'yana, aib, abin kunya ne. Kai ne fa ba ka tada tsuntsu."

Bai ko ɗago daga kyamarar ba. "Wancan a Madina ne. Nan ba Harami ba ne, babu laifi."

Haka ya faɗa, ba fushi ba ɗar, kamar yana tuna mini cewa matafiyi yana yin ƙasaru. Abin da ya fi ba ni ƙyama kuma har yau shi ne na ɗauki lasifikar. Shekara talatin da biyu ban taɓa yi masa musu a gaban baƙo ba, hannuna ya saba, ya riga zuciyata miƙewa. Na je gindin kaɗanyar na ɗaga lasifika sama kamar mai tallar sabulu.

Namijin ya dawo da wata farar a baki. Yana jin kukan ya sake ta ta faɗi ƙasa. Ya sauka a reshen da ke saman kaina, ya ɗaga baki sama, ya buɗe fukafukai yana wani irin kuka mai kaifi, jikinsa duk yana karkarwa. Kyamara ta fara ƙyas-ƙyas-ƙyas. Ya tashi ya zaga itacen yana neman abokin faɗa, bai gani ba, ya dawo ya sake. Ya sauko har na ji iskar fukafukansa a goshina. Can sama kuwa ɗan bakin nan ya leƙo daga tsaga, ya koma, ya sake leƙowa, yana buɗewa yana rufewa, ba mai kawo komai.

"Mumtaz! Madalla! Kada ki motsa! Ɗaga kaɗan!"

Daƙiƙa ɗayar nan tun rana tana fara har ta yi ja. Ƙudan tsando suna cizona a wuya ban iya kora ba, hannuna ya mutu na sauya ɗaya. Muryar tsuntsun ta fara dushewa, ya koma yana buɗe baki yana haki tsakanin kuka da kuka. Na dubi mijina. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, gwiwar da yake cewa ba ta barinsa ya yi sujada sai a kujera, bakinsa a buɗe, harshe a gefen leɓe, fuskar tana walƙiya da daɗi. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

Na sauke hannu na nemi wurin kashewa, ban gane maɓallin ba. Sai na cusa ta a cikin mayafina na danne a hammata na nufi mota, tana ta kuka a jikina. Yana kirana, ya Hajja, ya Hajja, saura kaɗan, ban waiwaya ba. Tsuntsun ne ya biyo ni, daga itace zuwa itace, yana ƙara nisa da ramin matarsa, har bakin mota. Jagoran ya karɓa ya kashe bai dubi idona ba. A hanyar komawa mijina ya yi ta nuna wa bayan kujera hotuna yana cewa ku duba wannan, ku duba wannan.

Washegari da safe, ranar ƙarshe, na roƙi jagoran mu bi ta wurin ɗorawar kafin mu kama hanya. Muka taka ni da shi, mijina ya zauna a mota yana amsa saƙonnin guruf, domin tun jiya ya tura, mashallah kuwa ta zubo masa kamar ruwan sama, har gwanin nasu ya sara masa. Muka tsaya nesa muka jira. Bakin ya leƙo sau biyu. Namijin bai zo ba. Jiya kafin a kunna abin, ba ya daɗewa yake dawowa. Muka ƙara jira har mijina ya fara danna hon.

Na ce, "Zai dawo?"

"Allah ne masani, Hajiya. Sau da yawa suna dawowa. Wataƙila ya yi nisa ne neman abinci."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake yi, kuma ba zan taɓa sani ba. A filin jirgi ya ba mijina hannu ɗaya, ya yi masa fatan sauka lafiya, bai sake ta da zancen addu'a ba. Ni ya juyo ya ce wa, a hankali, "Hajiya, in kin je ki kai mini gaisuwa."

Mako biyu da dawowarmu mijina ya kai hoton aka wanke shi babba, aka sa masa firam mai ruwan zinariya, ya kafa a bangon majalisi, ɗakinmu na baƙi. Ba zan yi ƙarya ba, hoton ya yi kyau. Baki sama, fukafukai a buɗe, hasken yamma a kan kowane gashi. Ranar Juma'a babbar 'yarmu ta zo cin abincin rana da yaranta. Ita tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ta tsaya gaban hoton ta riƙe ƙirji, ta ce mashallah Baba, kamar waƙa yake yi don murna.

Ina ɗauke da tiren shayi. Na ce, "Ba waƙa yake ba. Faɗa yake nema da lasifikar da babanki ya sa na riƙe, matarsa tana rufe a rami tana jiran abinci."

'Yar ta dube ni, ta dubi ubanta, ta ce wa yaran su je su wanke hannu. Aka sha shayi a gurguje, suka tafi da wuri.

Da ya rufe ƙofa ya dawo ya zauna, bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. "Kin kunyata ni gaban 'yata a kan tsuntsu. Tayyib, to faɗa mini, wane hukunci na karya? Na kashe shi? Na fasa ƙwai? A cikin Harami na yi?"

Da gaske yake tambaya, yana jiran in kawo masa hujja ya karɓa. Na ajiye kofunan da nake tattarawa na zauna a gabansa. Tun daga gindin kaɗanyar nan tambaya ɗaya take cina, a jirgi, a kicin, har a sallah.

Na ce, "Ni fa? Duk shekarun nan da ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, ba ka taɓa sa ni kuka ba. Tausayina kake ji, ko hukunci kake bi?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Na so ya yi fushi, ya ce wace irin magana ce wannan, ko ya rantse, ko ya ce na haukace. Kowanne ya yi da na karɓa. Amma mijina mutum ne mai gaskiya, ba ya amsa abin da bai tabbatar ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya kama gemu, ya shiga tunani. Na zauna ina kallonsa yana tunanin. Yana nan a haka aka kira la'asar, ya tashi ya yi alwala ya fita masallaci.